Sa Hannuna Ne

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na sayi littafin nan ne don rubuta lokutan maganin Umma. Shafi biyu kawai na ci, sauran ga su nan, bari in yi amfani da su.

An dakatar da aiki a ɗakin gwajinmu. An manna takarda a ƙofa cewa kada kowa ya taɓa fayil sai kwamitin bincike ya zo. Shekara goma sha ɗaya ina aikin nan: duk maganin da za a raba wa asibitocin gwamnati sai ya bi ta hannunmu, mu gwada, in ya yi in sa hannu a takardar shaida, Darakta ya buga hatimi. Ledojin ƙarin ruwa da aka raba wata biyu da suka wuce gurɓatattu ne. Ba mu muka gano ba, a ɗakin yara na babban asibiti aka gano. Abin da aka ce ya faru a can ba zan rubuta shi ba.

Darakta ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa da kansa, ya turo mini kwafin takardar shaidar. Ga sunana a ƙasa, ga sa hannu. Kwanan watan kuwa ya faɗa daidai lokacin da nake hutun jinyar Umma.

"Kin ga Allah ya rufa miki asiri," in ji shi. "Ba kya nan, kowa ya san ba kya nan. Ki ce ba hannunki ba ne, magana ta ƙare."

Na ce, "To hannun wa ne, ranka ya daɗe?"

"Wannan kuma aikin kwamiti ne. Su tambayi mai riƙe da mabuɗin kabad ɗin fam."

Mai riƙe da mabuɗin shi ne Baba Rajista, tsohon da ke lura da takardunmu tun kafin a ɗauke ni aiki. Saura masa wata bakwai ya yi ritaya.

Talata, ƙarfe takwas da kwata na safe

Baba ya gaishe ni kamar kullum, har da tambayar jikin Umma. Na amsa ina laluben abin da ban yar ba a cikin jaka.

Laraba, 5 ga wata, lokacin cin abincin rana, a ofis

Ba aiki. Muna zaune kamar masu jiran mota a tasha. Kowa na magana ƙasa-ƙasa, ana shiga banɗaki da waya.

A ofis ɗin nan Ba-Sani-Ba-Sabo suke ce mini. Na taɓa mayar da maganin kamfanin surukin wani babba, na kuma kwana lafiya. Ina jin daɗin sunan, ƙarya ne in ce ba na ji.

To, sa hannuna ne.

Na rubuta. Littafi bai tsage ba.

Ga yadda ake yi a nan tun zamanin waɗanda suka riga ni: in mai sa hannu zai tafi hutu, sai ya sa hannu a fam babu komai a ciki ya bari, wai don kada aiki ya tsaya. Na ƙasa da shi su gwada, su cike. Shekara goma ina ƙi, ina yi musu wa'azi har suna gudun haɗuwa da ni a matakala. Ranar nan kuwa washegari za a yi wa Umma tiyata, takardar hutuna tana kan teburin Darakta, ya ɗora alƙalami a kanta yana cewa ai ba zai hana ni jinyar uwa ba, amma shi ma kada in ɗaure masa hannu. Na sauko wurin Baba da jakata a kafaɗa. Guda goma sha biyu, a tsaye na sa musu hannu. Shi ne yake juya mini shafukan.

Ya ce, "'Yata, kin tabbata?"

Na ce, "Baba, juya mini kawai, mota na jira na."

Da na dawo ban tambayi inda suka shiga ba. Ban tambaya ba.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yaya ya kira mu ta bidiyo kamar kowace Lahadi. Shekara tara ke nan yana ƙasar masu arziki, yana aiki a wani katafaren siton magunguna, kuma tun da ya je bakinsa bai huta da "a nan" ba. A nan mota na zuwa kan lokaci. A nan ba a zubar da shara a titi. In ka ce masa ana zafi sai ya gaya maka yadda ake zafi a tsare a can.

Ya ga labarin a waya. Bai san ya shafe ni ba sai da na faɗa masa, kuma rabi na faɗa.

"Auta, wallahi da a nan ne da yanzu minista ya sauka," in ji shi. "Kwanaki wata ta sauka saboda ta hau motar gwamnati zuwa kasuwa. Kasuwa fa! Ku kuwa za a kafa kwamiti, kwamiti ya kafa ƙaramin kwamiti, ƙarshe a kama masinja."

Na ce, "Tun yaushe muka zama ku?"

"Ke ma kin san abin da nake nufi. Matsalar ita ce ba tsari, kuma ba kunya."

Raina ya ɓaci, don gaskiya ya faɗa, kuma ba na son gaskiya daga bakin mutumin da ke sanye da rigar sanyi yana shan shayi a kicin mai tagogi. Na miƙa wa Umma wayar na shige ɗaki.

Litinin, safe

Ban ci komai ba. Ba na jin yunwa.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe bakwai saura na yamma

Na gaya wa maigidana Malam duka. Yana gyara takardun jarrabawar ɗalibansa a tsakar gida, ya ajiye jan biro ya saurare ni. Shekara goma sha biyar da aurenmu bai taɓa ce mini in yi ƙarya ba, yau ma bai ce ba.

"Ni ban ce ki yi ƙarya ba," in ji shi. "Cewa na yi ki yi shiru. Takardar hutunki za ta yi magana."

"In ta yi magana Baba za ta kama."

"In kin yi magana ke za a kama. Za su ƙwace lasisinki, Darakta kuma ko gezau. Kina ganin don kin jefa kanki wuta shi zai ƙone? Yara uku gare mu, ga Umma."

Na ce masa na san yawan 'ya'yana, ni na haife su. Bai kamata in faɗi haka ba. Ya ɗauki bironsa ya ci gaba da maki, amma na lura shafi ɗaya yake ta kallo har aka kira shi cin abinci.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi

Kwamiti ya iso jiya. Mutum biyar, shugabansu wani mai taushin murya, sai wata baƙuwa da ƙasashen da ke ba da tallafin magani suka turo. Sun fara da Baba. Awa uku yana ciki. Yau da safe aka ba shi takardar dakatarwa, aka karɓe mabuɗin kabad, aka kuma ce kada ya bar gari don 'yan sanda na iya nemansa. Zargin: kwaikwayon sa hannun jami'a.

Na tare shi a bakin get, yana ɗauke da 'yar ledar da ya zuba kofinsa da tabarau da darduma.

"Baba, me ka ce musu?"

"Na ce fam suna kabad, Darakta ya aiko na kai masa da hannuna. Shi kuma ya ce bai taɓa ganinsu ba sai a cike."

"Ba ka gaya musu ni ce na..."

"Ba su tambaye ni ba, 'yata."

"Amma ai kana iya faɗa!"

Ya gyara riƙon ledarsa. "Zan iya. Sai dai ba bakina ya kamata ya faɗa ba. Ki gaida Umma."

Da ya zage ni da na samu sauƙi. Na tsaya ina kallonsa yana tsallaka titi a hankali, masu babur na yi masa oda.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Darakta ya wuce ta ɗakinmu yana raha da kowa. Ya ce mini akwai wani kwas na wata shida a waje, yana ganin ni ce na fi cancanta. Na ce na gode. Na gode fa na ce!

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Baƙuwar ta same ni a ɗakin gwaji ni kaɗai. Mace ce mai natsuwa, ta san aikin, don tambayar farko da ta yi ita ce ina samfurin da muke ajiyewa daga kowane kaya. Na nuna mata wurin da ya kamata ya kasance. Babu. Ta rubuta, ba ta yi mamaki ba, kuma rashin mamakin nata ya fi komai ƙona mini rai.

Ta ce a ƙasarsu ba zai yiwu kaya su wuce ba gwaji ba, don kwamfuta ba ta buɗe takardar shaida sai an shigar da sakamako. Na ce madalla. Sai na tambaye ta daga ina ledojin suka zo, tunda mu dai ba ma yin su.

Ta ce kamfanin a wajensu yake.

"To za ki sa sunansa a rahotonki?"

Ta ce aikin da aka ba ta shi ne duba raunin da ke ɓangarenmu. Sunan kamfani kuwa, lauyoyin ofishinsu sun ce a bar shi tukuna.

Na ce, "Wato wanda ya karɓa yana da suna, wanda ya bayar ba shi da shi."

Ba ta ji haushi ba. Ta ce ita ma abin yana damunta, kuma na yarda yana damunta. Jirginta ranar Asabar ne.

Laraba, ƙarfe shida na safe

Na gwada faɗin "ba hannuna ba ne" a gaban madubi. Yana fita sumul. Abin da ya tsorata ni ke nan.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Yaya ya kira, yau bai fara da "a nan" ba. Na tura masa hoton ledar tun ranar Talata, ya bincika, ya kuma ce Umma ta ba mu wuri.

Kamfanin na ƙasar da Yaya yake ne. Bara an sami irin wannan matsala a can. Cikin kwana biyu aka kwashe kayan daga duk asibitoci, aka aika wa kowane majinyaci wasiƙa, jaridu suka yi ca. Wannan kam sai a sara musu, mu wata biyu muka yi muna ƙara wa yara. Na tambaye shi wa aka ɗaure.

"Ba a ɗaure kowa ba," in ji shi. "Sun biya tara, an rubuta cewa ba su amsa laifi ba. Shugaban kamfanin ya sauka, wai zai huta da iyalinsa. Yanzu yana wani kamfanin."

"Kayan da aka kwashe fa?"

Ya ce bai sani ba, kuma ba ya son ya yi zato. Ni ma ban sani ba. Amma na san abu ɗaya mu biyun muke zato.

Daga nan na gaya masa sauran rabin, fam goma sha biyu da komai. Na zaci zai yi mini wa'azin tsari. Sai ya matso da fuskarsa kusa da wayar ya rage murya kamar a ɗakin akwai wani.

"Auta, kada ki amsa komai. Ki nemi lauya. A nan abin da lauya zai fara gaya miki ke nan: kada ki ce ke ce, ko da ke ce."

Na yi dariya har da hawaye. Na ce, "Yaya, ashe tsarin ke nan? Shekara tara kana cika mana kunne!"

"Ba haka ba ne. Akwai bambanci, wallahi akwai. Wata nas ce ta tona asirin a nan, kuma har yau tana bakin aikinta, doka ta hana a kore ta. Ke wa zai tsaya miki?"

Sai kuma ya faɗi abin da ban taɓa tsammani ba. Ya ce a sitonsu, duk awa biyu sai sun duba sanyin firij sun danna a kwamfuta cewa sun duba. Ranar da aiki ya yi yawa shi ma yakan danna bai je ba, kowa na yi. Bambancin kawai, in abu ya ɓaci kwamfutar ta san wa ya danna da ƙarfe nawa, ba yadda za a shafa wa mai gadi kashin kaji.

"Mutanen nan ba su fi mu tsoron Allah ba," in ji shi. "Sun dai toshe hanyar ɗora wa ƙarami. Babba kuwa a nan da lauya yake fita, a can da waya."

Ban gyara masa ba, amma na ji bai ce "ku" ba.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

'Yan sanda sun gayyaci Baba jiya. An sake shi da yamma. 'Yarsa ce ta tsaya masa.

Gobe ni ce.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Da safe Malam ya goge mini mayafina, abin da bai taɓa yi ba. Bai tambaye ni me zan ce ba, ni ma ban sani ba har na zauna a kujerar.

Mutum huɗu ne, baƙuwa ta tafi. Shugaban kwamiti ya turo mini takardar da murmushi. Ga kwafin takardar hutuna a gefe, an riga an haɗa su da ƙusa. Duk sun share mini hanya.

"Ba za mu ɓata miki lokaci ba," in ji shi. "Tabbatarwa ce kawai. Wannan sa hannun ba naki ba ne, ko?"

Na kalle shi. Na kalli yadda na ja wutsiyar harafin ƙarshe, da gaggawa, don mota na jira.

Na ce, "Nawa ne."

"Wataƙila ba ki fahimci tambayar ba."

"Na fahimta, ranka ya daɗe. Ni na sa shi, a kan fam babu komai, ranar da zan tafi hutu. Guda goma sha biyu na sa wa. Darakta ne ya nema, Baba Rajista bai kwaikwayi komai ba, shafi kawai ya juya mini, ya ma tambaye ni ko na tabbata."

Shugaba ya juya wurin sakatare ya ce, "Dakata da rubuta wannan tukuna."

Nan fa Ba-Sani-Ba-Sabo ta farka, bayan ta yi baccin wata uku. Na ce ba zan tashi daga kujerar ba sai an rubuta an karanta mini. Na ce in ba a rubuta a nan ba zan faɗa a wani wurin da ake rubutawa. Wata dattijuwa a ƙarshen tebur, likita ce, ta ce, "A rubuta." Aka rubuta.

Na fito na yi amai a bayan ofis.

Juma'a, 28 ga wata, safe

Takardar dakatarwa ta zo. Malam ya karanta ya ninke, ya ce in sha shayina kafin ya huce.

Alhamis, 4 ga sabon wata, ƙarfe uku na rana

An mayar da Baba bakin aikinsa, ba ko ban haƙuri. An tura batun lasisina gaba. Darakta kuma an ɗauke shi zuwa hedkwata, "don a ba bincike dama". Ofis ya fi girma, an ce har da mota. Yaya ya ji ya ce, "Ya tafi hutawa da iyalinsa ke nan." Muka yi dariyar da ba daɗi.

Ban ji na zama jaruma ba. Kunya nake ji, da tsoro, da wani irin fushi da ba shi da inda zai sauka.

Baba ya zo gida ɗazu. Ya ƙi shigowa falo, ya zauna a kan benci. Na fara ba shi haƙuri ya ɗaga mini hannu. Ya ciro wata takarda daga aljihu, lambobi ne da rubutunsa.

"Kowane fam yana da lamba, na rubuta su ranar nan," in ji shi. "Kwamiti ya gano huɗu. Takwas ɗin nan ba wanda ya san inda suke. Na faɗa a ofis, an ce a jira rahoto."

Takwas. Da sunana, da hannuna, suna jiran wanda zai cike.

Litinin, 8 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Tun safe nake bin asibitoci, siton magani zuwa siton magani, da takardar Baba a hannu. Ba ni da izinin kowa, ba ni ma da katin aiki. Ina shiga in gaishe da mai sito in ce masa, "In ka ga takardar shaida da sa hannuna, kada ka yarda da ita." Shekara goma sha ɗaya ina gina sunan nan, yau ni ce nake bi ƙofa-ƙofa ina rushe shi. Uku sun saurare ni, ɗaya ya ce in kawo a rubuce daga sama.

Na biyar wani ƙaramin asibiti ne a ƙarshen gari. Mai siton ya san ni, ya ce ai shi in ya ga hannuna ba ya ma karanta sauran. Ya buɗe fayil don ya nuna mini, yana juyawa ina duba lambobi. Sai ya tsaya.

"Wannan fa?"

Lamba ta shida a jerin Baba. Kwanan watan makon jiya ne, ina gida a dakace. Maganin allura ne na yara, kwali talatin.

Na tambaye shi ina kayan. Ya ce an raba rabi tun Juma'a. Na ce ya kira ɗakunan a tsayar. Ya ce shi ba shi da ikon tsayar da kayan da ke da shaida, sai babban likita, shi kuma ya fita taro.

Na ce to ya nuna mini hanyar ɗakin yara.

Ya kalle ni, ya kalli takardar. Ya zare mabuɗin sito ya sa a aljihu, ya ce, "Mu je, ni na san wace nas ce ta karɓa."